Kundin aiki: ɗakin sharhi a gida ga mai sharhin ƙwallo mai yara matasa

Litinin, 12 ga Agusta, 2024

An buɗe wannan kundi ne domin bin diddigin aiki guda: mayar da wani ɓangare na aikin babban mai sharhin ƙwallon tasharmu zuwa gidansa a Kano, da kuma gyara jadawalinsa kafin kaka ta kankama. Sashen wasanni da injiniyoyi ne ke rubutawa. Malam, kamar yadda kowa ke kiransa a ofis, yana da yara uku. Babbar mace ce mai shekara 17, za ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, ga JAMB ga WAEC a gabanta. Sai namiji ɗan 15, sai auta ɗan 13.

Da aka zauna aka lissafa makonsa na kakar bara, abin da ya fito bai yi daɗi ba. Ranar wasan Turai yana barin gida da 5:30 na yamma saboda cunkoso da shirin situdiyo, ba ya dawowa sai wajen 11. Yara sun kwanta. Da safe su fita da 7 yana ramuwar barci. Talata da Laraba ke nan sun tafi ba su haɗu ba. Asabar da Lahadi kuwa, ranakun da suke gida bayan Islamiyya, su ne kasuwar mai sharhi ke ci. Bana kuma aikin ƙaruwa zai yi: Firimiyar Ingila za ta fara ranar Juma'a 16 ga wata da wasan Manchester United da Fulham, Gasar Zakarun Turai kuma ta koma ƙungiyoyi 36, kowace za ta buga wasa 8 a zagayen farko maimakon 6, har cikin Janairu.

Shawarar da aka yanke ita ce wasannin Turai, waɗanda dama a talabijin ake kallonsu ana sharhi, su koma gida. Wasannin cikin ƙasa su ci gaba a filin wasa. A kuma fara horar da mai sharhi na biyu. Batun izinin watsawa yana hannun tasha kamar kullum, sauya ɗaki bai taɓa shi ba.

Asabar, 24 ga Agusta

An zaɓi ƙaramin ɗakin ajiya da ke kusa da zaure, mita 2 da rabi a mita 3, saboda bangonsa bai haɗu da ɗakin kwanan kowa ba. Gwajin farko ya fito kamar ana magana a cikin randa. Bangon siminti da tayil suna mayar da murya. An shimfiɗa kafet, an jingina tsohuwar katifa mai kauri a bangon da yake fuskanta, an rataye labule mai nauyi a taga da bayansa da tazarar ɗan yatsa uku daga bango. Amsa-kuwwa ta mutu. Wani ya kawo shawarar kwalin ƙwai, ba a karɓa ba: siriri ne, ba ya shanye komai sai ɗan sautin sama, ga tara kyankyasai, ga saurin kama wuta.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa a nan. Soso da labule suna gyara yadda murya ke fita a cikin ɗaki, amma ba sa hana ta tsallakawa waje. Abin da ke tare sauti shi ne nauyi da toshe kafa. Saboda haka aka liƙa roba a gefen ƙofa, aka sa tsumma mai cike da yashi a ƙasanta. Duk da haka ihun shigar ƙwallo yana kaiwa tsakar gida, sai dai ba ya shiga ɗakunan kwana idan an rufe.

Makirfo irin na dainamik aka sa, wanda ba ya kwaso sautin nesa, a tazarar yatsu huɗu daga baki. Na kondensa da aka fara gwadawa ya ɗauko har ƙarar turmi daga maƙwabta. An saita ma'aunin ƙarfin sauti ya tsaya wajen desibel -18 a maganar yau da kullum, domin idan ya ɗaga murya kada ta fashe. A saman ƙofa daga waje an ɗaura jan kwan fitila: idan yana ci, ba bugun ƙofa, ba sallama da ƙarfi.

Juma'a, 20 ga Satumba

An gama makon farko na Zakarun Turai, dare uku a jere, 17 zuwa 19 ga wata, duka daga gida. Matsala uku suka fito.

Ta farko a daren Talata: Malam ya riƙa in-ina, abin da ba halinsa ba. Dalili shi ne situdiyo na mayar masa da duk abin da ke fita a iska, har da muryarsa, tana isowa kunnensa a makare da kusan rabin daƙiƙa. Babu mai iya magana yana jin kansa a baya. Gyaran a na'urar haɗa sauti ta tasha yake: a tura masa komai, a cire layinsa kaɗai. Minti biyar ya ɗauka da aka gano.

Ta biyu, jinkiri. Ranar Laraba hadari ya taso, hoton tauraron ɗan'adam ya daskare, ya koma kallo ta intanet. Hoton intanet yana bin na dish a baya da rabin minti ko fiye, don haka masu gidan kallo suka riga shi ganin ƙwallo a raga, saƙonni suka yi ta shigowa. Doka daga yau: idan dish ya ɗauke, ya ce wa furodusa "karɓa" a layin ciki, mai sharhi na biyu ya ci gaba daga situdiyo har hoto ya dawo. Kallo ta intanet ba madadi ba ne.

Ta uku mai sauƙi ce. Muryar kanta ba ta cin data: a kilobit 64 cikin daƙiƙa, awa guda ba ta kai megabait 30 ba, zuwa da dawowa na dukan wasa bai wuce 200 ba. Abin da ya riƙa yanke layi shi ne wayoyin yara uku a kan na'urar intanet guda suna kallon bidiyo. An ware wa ɗakin sharhi nasa layin, an haɗa kwamfuta da kebul maimakon iska, an ajiye layin wani kamfanin daban a waya don ko-ta-kwana.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars, jiya kuma ya ci biyu a wasansu da Sunshine Stars. Masu talla da masu sauraro duk sun juyo kan gasar gida, kowa kuma muryar Malam yake so. Wasan Pillars ba a yin sa daga ɗaki, ko a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ne ko a wani gari. An amince ya riƙe na gida, na waje kuma wakili ya je, sai dai manyan wasanni da za a duba ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar wasan waje kwana biyu take ci a ƙalla, wani lokaci uku.

Wani batu da ba a sa shi a tsari ba tun farko: caca. Abokan ajin ɗan 15 ɗin sun fara tare shi da tambayar wa Abbansa ya ce zai ci, da ci nawa. Ba don hira suke tambaya ba. Hisbah ta rufe shagunan caca a cikin gari a 'yan kwanakin nan, amma abin yana cikin waya, kuma yaro ɗan gidan mai sharhi shi ake ɗauka yana da sirri. Malam ya daina faɗin hasashen ci, a iska da a gida. Yana bayanin ƙarfin ƙungiya da rauninta, ya tsaya nan. An gaya wa yaron amsar da zai bayar, gajera: "Abbana ba ya hasashe." Mu ma a sashe mun cire tambayar "ci nawa kake gani" daga shirin gabanin wasa, kuma muna ganin da tun tuni aka cire ta.

Litinin, 28 ga Oktoba

Mako guda ke nan yawancin Arewa babu wutar lantarki, fetur kuma ya haura naira 1,000 a lita. Janareta ba zai yiwu ba ko da man: ƙararsa na shiga makirfo, maƙwabta kuma na barci.

Ga lissafin ɗakin. Talabijin wat 70, dikoda 20, kwamfuta 50, na'urar intanet 10, fanka 60, fitila 10, jimla 220. Wasa guda da shirin gaba da na baya awa 3 da rabi ne, wat-awa 770, idan aka ƙara asarar inbata ya kusa 900. Batirin da ke akwai mai bolt 12 ne, amfiya-awa 200, wato 2,400 a takarda, amma irin wannan batir ba a shan fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko. Saura 1,200. Ya isa wasa ɗaya, bai isa Asabar mai wasa biyu ba, kuma babu wutar da za ta sake cika shi. An ɗora farantan sola biyu masu wat 300 kowanne. A rana mai kyau suna ba da kusan 2,000, ba 3,000 da lissafin baki ke nunawa ba.

Tsohon inbatan ya sa wani ƙugi a cikin sauti wanda bai tafi ba sai da aka cire cajar kwamfuta. An canza shi da mai fitar da wuta lafiyayya irin ta layi, ƙugin ya ɓace.

Daren Asabar, da Barcelona ta je Bernabeu ta ci Real Madrid 4-0, batir ya kai ƙarshen wasa da ƙyar, domin da rana an yi ta cajin wayoyin gida da na maƙwabta a kansa. Ba a hana ba, an dai sa lokaci: caji daga 10 na safe zuwa 2 na rana, lokacin da sola ke bayarwa. An kuma ja waya ɗaya zuwa ɗakin babbar don fitilar karatu. Wat 10 ce, awa huɗu bai wuce 40 ba, kuma an rubuta a jikin inbata cewa ko me za a kashe, ita ba a kashe ta.

Jiya Turai ta mayar da agogonta baya da awa guda. Najeriya ba ta canzawa, don haka wasan da ake takewa da 8 na dare ya koma 9, a tashi wajen 10:50. Na Ingila na ƙarfe 3 ranar Asabar ya koma 4, na yamma kuma ya koma 6:30, dab da bayan Magariba. Haka za a tafi har 30 ga Maris.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

An yi zaman duba wata uku, a gidan, da uwargida da yaran. Wannan zaman ya fi duk gyaran waya amfani.

A takarda an ci riba: kusan awa biyu da rabi na hanya da jiran situdiyo sun dawo a kowane daren wasa. Amma da aka tambayi yaran, babbar ta ce, "Abba, kana gida, amma jar fitilar tun La'asar take ci." Haka ne kuwa. Shirin wasa guda yana cin awa uku: jerin 'yan wasa da lambobinsu, yadda ake furta sunaye, wa ya ji rauni, wa ke da katin gargaɗi, tarihin haɗuwa. Da can a ofis yake yi. Yanzu ya dawo da shi ɗakin, ya kuma sa shi daidai lokacin da yara ke dawowa daga makaranta. Bayan wasa kuma ga WhatsApp, ga Facebook, ga masu kira su yi musu kan fenariti har sha biyun dare. Uwargida ta ce gara lokacin da yake fita, don a lokacin an san ba ya nan, yanzu kuwa ana ganin takalminsa a bakin ƙofa ana kuma hana yara motsi.

Kuskuren namu ne na tsari: mun auna hanya, ba mu auna lokacin da ƙofa ke rufe ba. Abin da aka gyara:

Shirin wasa ya koma safe, 9 zuwa 12, yara suna makaranta. Jar fitila ba ta kamawa sai saura minti 45 a take wasa, kuma tana mutuwa minti 15 bayan an tashi. Lambar da masu sauraro suka sani ta koma wata waya daban da ke kwana a ɗakin sharhi. Shirin bitar mako na Litinin ana naɗarsa da rana. Daren Alhamis an ba mai sharhi na biyu gaba ɗaya. An yi ja-in-ja a kan wannan, don Manchester United da Tottenham suna Gasar Europa bana, Chelsea kuma tana Gasar Conference, duk Alhamis suke bugawa, magoya bayansu a Kano kuma ba kaɗan ba ne. Amma idan ba a saki dare mai nauyi ba, na biyun ba zai taɓa goguwa ba, Malam kuma ba zai taɓa samun dare biyu a mako ba. Litinin da Alhamis yanzu nasa ne da iyalinsa daga Magariba.

Sai barcin yara. Likitoci na ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga mai shekara 13 zuwa 18. Wanda zai tashi Asuba da 5:30, 9:30 ya kamata ta same shi a kwance. An tsayar: a daren makaranta auta ba ya kallo, na tsakiya yana ganin rabin farko ya kwanta. Don kada ya ji an kore shi, an ba shi aiki ranar Asabar: idan jerin 'yan wasa ya fito, sama da awa guda kafin wasa, shi ke cike katin da Malam ke dubawa, suna da lamba da matsayi, da babban rubutu. Ba ya taɓa makirfo, ba a ambaton sunansa a iska, ba a sa hoton kowane yaro a shafin tasha.

Litinin, 30 ga Disamba

Hutun makaranta ya zo daidai da lokacin da Firimiya ke jera wasanni, har da na 26 ga wata. An raba su biyu tsakanin masu sharhi, Malam ya samu kwana huɗu a jere babu aiki. Hazo ya rage abin da sola ke bayarwa sosai, sai da aka koma goge farantan da jiƙaƙƙen tsumma kowane kwana biyu da sassafe. Muryarsa ta dishe sau ɗaya. Ruwan ɗumi a fulas kusa da shi, babu mai sanyi, babu raɗa (raɗa ta fi magana a hankali wahalar da maƙogwaro), da bokitin ruwa a kusurwar ɗaki saboda bushewar iska.

Alhamis, 30 ga Janairu, 2025

Jiya wasanni 18 aka take lokaci guda da 9 na dare a rufe zagayen farko na Zakarun Turai. Talabijin ɗaya da mutum ɗaya ba za su iya ba. An yi shi daga tasha da mutum uku da allo huɗu. An rubuta a jadawali: irin wannan dare, da ranar ƙarshe ta Firimiya, na situdiyo ne, a kuma sanar da gida mako biyu kafin nan.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, Kano kuma tana cikin jihohin da suka rufe makarantu saboda shi. Tsarin safe ya rushe, don yara suna gida lokacin da yake shiri. An mayar da shirin bayan Azahar, lokacin da gidan ke kwance, safiya kuma ta zama ta zama da babbar a kan tsoffin tambayoyin JAMB, awa guda kullum.

Dare biyun nan sun gwada kowa. Talata Liverpool da PSG suka kai ƙarin lokaci da bugun fenariti, Laraba Atletico da Real Madrid suka maimaita, har da soke bugun Julián Álvarez saboda taɓa ƙwallo sau biyu. Duka an take da 9, an tashi dab da sha biyu, ga sahur da 4:30. Tarawih a masallacin unguwa mai gajeren karatu yake yi da yaran maza, ya shiga ɗaki da 8:30. Kuskuren da aka yi shi ne ba shi dare biyun a jere. A zagayen da ake iya zuwa fenariti, a lissafa wasa a matsayin awa uku, kuma a raba Talata da Laraba tsakanin mutum biyu.

Zafi ya fara. Ɗakin da aka toshe don sauti ya toshe iska ma. Fanka a gabansa tana hura makirfo. An mayar da ita bayansa, ƙasa, a lamba ɗaya, an kuma yanke sautin da ke ƙasa da hez 100, wato ƙugi mai kauri irin na iska, a na'ura. Ana buɗe ƙofa da taga duk tsawon hutun rabin lokaci.

Laraba, 26 ga Maris

Wasannin Super Eagles biyu na neman gurbin Kofin Duniya, na farko ƙarƙashin sabon koci Eric Chelle: 2-0 a kan Ruwanda a Kigali ranar 21, Osimhen ya ci duka, sai 1-1 da Zimbabuwe jiya a Uyo. Duka da 5 na yamma aka take, don haka buɗa-baki ya faɗo a cikin rabi na biyu. Auta ne ya shigo a hankali da dabino uku da kofin ruwa, ya ajiye a gefen hagu, nesa da kwamfuta, ya fita. Situdiyo ta karɓa na minti biyu. Wannan ne kaɗai lokacin da aka yarda a shiga jar fitila tana ci. Sharhi da ƙishirwa yana sa murya ta yi kaushi tun minti na 60, don haka an ce ya rage ihu, ya bar mai taya shi ya ɗauki bayanin tsakiya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An yi Sallah 30 ga Maris, ranar da Turai ta tura agogonta gaba, wasannin dare sun dawo 8. Talata ya yi Arsenal da Real Madrid, 3-0, da bugun tazara biyu na Declan Rice. Laraba na biyun ya yi, kuma ƙorafin masu sauraro a kansa ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da Disamba.

Abin da ke gaba shi ne mafi nauyi. JAMB a ƙarshen wannan wata take, WAEC kuma za ta ja har Yuni. Wasannin kusa da na ƙarshe suna 29 da 30 ga Afrilu da 6 da 7 ga Mayu, na ƙarshe 31 ga Mayu a Munich. An karɓi jadawalin jarrabawar babbar an ɗora shi a kan na wasanni. Duk daren da take da takarda washegari, Malam ba ya sharhi daga gida: ko ya je tasha, ko na biyun ya yi. Ranar JAMB shi zai kai ta cibiya, an cire shi daga aiki tun daga daren da ya gabata. Ita ma an tambaye ta, ta ce ihun ba ya damunta kamar yadda shirun dole ke damunta, tana so ta riƙa karatu da ƙarfi a tsakar gida. An ƙara labule na biyu a ƙofar daga ciki don ta samu hakan.

Ba a warware hutun ƙarshen kaka ba. Gasar ƙungiyoyi ta duniya a Amurka za ta fara tsakiyar Yuni ta kai 13 ga Yuli, wasu wasanninta cikin tsakar dare a agogonmu, Kofin Afirka a Maroko kuma zai fara 21 ga Disamba, daidai hutun makaranta. Sashe ya nemi a ba Malam mako uku a jere a Yuli da Agusta, a kuma ɗauki mai sharhi na uku kafin Satumba. Takardar tana gaban shugaban shirye-shirye. Batir ya fara sauka da wuri, za a auna shi ranar Asabar kafin wasan rana.